Hukuncin da Bakano Ya Yanke wa Motata

A shekarar da ciwon baya ya kwantar da ni wata guda cur, na tashi na tarar motata ta koyi rawa. In tana gudu, da sauƙi. Amma da zarar na tsaya na ɗauke ƙafa daga totur, sai inji ya kama kakkarwa kamar mai masassara, sitiyari na girgiza, carbin da ke rataye a madubi yana ja wa kansa tasbihi. Ƙara ta hau, ta sauka, ta sake hawa, sannan ta yi tari biyu ta mutu. Mu mutanen Nijar ralanti muke ce wa wannan aikin da inji ke yi mota na tsaye, 'yan Nijeriya kuma su ce sulo. Ko da wane suna aka kira shi, nawa dai ya lalace. Ƙarfinta ma ya ragu: ɗan hawan da take haye wa tana waƙa, yanzu sai na roƙe ta da giya ta biyu.

Motar ta girmi ƙaramin ɗana. Irin masu buɗaɗɗen bayan nan ce, ta zamanin karburato, babu kwamfuta a jikinta ko ta ƙwayar gero. Da ita na bar tuƙin manyan motocin sahara na zauna a unguwar Gurda cikin birnin Sabha, ina zuwa ƙauyen Zighan sau biyu a mako in ɗauko dabino da tumatir da ciyawar dabbobi in kawo kasuwar Sabha. Ba wanda ya taɓa yin arziki da wannan. Sai dai tsohon da ke da mukulli a aljihu, in ya ce zai fita, fita yake yi. Wanda ba shi da shi kuwa, zaman jiran "Baba, bari in gama" ne aikinsa har a kai shi makwanci.

Abin ya fito fili ne a bawwaba, wato shingen masu bindiga da ke kan hanyar Samnu. Sau uku ta mutu kafin a gama duba takarduna, har masu gadin suka ajiye abin da ke hannunsu suka tura ni, suna dariya. Wani direba ya gani, ya kai wa babban ɗana labari tun kafin ni in iso gida. Washegari shi da ƙanensa suka ce lallai a kai ta warsha, wato gareji, wajen Bakano.

Wannan Bakanon makanike ne, zai yi shekara hamsin, yana da rumfar gyara a bakin titi a Gurda, kuma ba ya amsa kira sai an ce masa Usta, yadda Larabawa ke ce wa gwani. Tsakaninmu Damagarawa da Kanawa akwai wasa tun na kakanni. Ni in ce masa bawana, shi ya ce kakannina ba su bar wa Kano ko akuya ba. Shekaru muna haka, ba wanda ya taɓa riƙe wani. Abin da ya yi mini ran nan ba ya cikin wannan, don bai yi dariya ba da ya faɗe shi, kuma a gaban 'ya'yana ya faɗa.

Ya fito da wata na'ura kamar wayar hannu mai jela, wadda yake jonawa a jikin motocin zamani ta gaya masa ciwonsu. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari yana neman inda zai soka ta. Na bar shi ya nema sosai, don ban ga dalilin katse wa malami karatu ba. Da bai samu ba, ya ce in tayar. Ya saurara kamar tsawon atishawa biyu, ya tara hannu a bakin salansa, ya sansana tafinsa, ya goge a tsumma.

"Baba," in ji shi, "kowane mai rai mamaci ne. Zobban fistin sun cinye, bawul sun ƙone. Ku kai ta rabish tun ana iya tura ta."

Rabish shi ne maƙabartar motoci, inda ake yanka su a sayar da nama. Da a nan ya tsaya, da na ce jahilci ne, na wuce. Sai ya juya wajen babban ɗana, ya sassauta murya yadda ake yi a kan mara lafiya, ya ce shi ma tsohon a bar shi ya huta, kunne ya tafi, in ba haka ba ai da tuni ya ji abin da inji ke faɗa masa. Ni da na shekara talatin tsakanin Agadas da Sabha, ina gane wace silinda ce ke ƙarya alhali ina kwance a saman kaya. Ina tsaye a wurin, hannuna a kan motata.

Kafin magariba 'ya'yana sun gama shawara. Sun karɓe takardun motar, sun yi magana da mai rabish, zai zo ranar Alhamis bayan la'asar ya ja ta. Ranar Lahadi ce. Na ce a bar mini mukulli har zuwa lokacin. Suka bar mini, suna tsammanin bankwana zan yi da ita.

Aji uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, kafin mushe, malaminmu, ya gaya wa ubana cewa kaina ya fi dacewa da ɗaukar kaya. Saboda haka abin da zan faɗa yanzu ilimi ne mai zurfi, masu digiri su gyara zama. Inji abu uku yake so: isansi, wato fetur, da iska, da wuta a kan lokaci. In ya yi rawa, ɗaya daga cikin ukun ne ya yi yawa, ko ya yi kaɗan, ko ya makara. Ba a kama shi da sansanar hannu. Bi ake yi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman ɓarawo a gidan haya.

Ranar Litinin na tuhumi isansi. A lokacin gidajen mai a rufe suke, kowa a jarka yake saya a bakin hanya, kuma abin da ke gindin jarka Allah kaɗai ya sani. Na zuƙe tanki, na tace man da tsohon rawanina, na sami ɗan yashi wanda bai isa ya kashe ko babur ba. Na canza matatar mai. Na kwance karburato, na zare ɗan jigilar ralanti, wannan ƙaramin ƙarfen mai huda kamar ta allura, na busa shi, na ɗaga shi na hango sama ta ciki. Na mayar. Na tayar. Ta yi rawarta kamar ban taɓa ta ba.

Ranar Talata na tuhumi wuta. Na buɗe murfin dalko, mai raba wa silinda wuta, ba tsaga, ba laima. Inji na aiki na riƙa zare wayoyin bugi, wato fulogi, ɗaya-ɗaya, kowace na zare sai rawar ta ƙaru, wato duk huɗun suna raye, ba mai cin abinci yana barci. Sannan na kwance bugin da kansu na jera su a kan tabarma bi da bi. A nan zuciyata ta fara sanyi. Injin da zobbansa suka cinye yana shan baƙin mai, buginsa baƙi ƙirin ne, jiƙe, kuma salansa na fitar da hayaƙi shuɗi. Nawa a bushe suke, fari-fari kamar tokar kara. Na toshe ramin kowane bugi da babban yatsa, na sa maƙwabcina Balarabe ya murza mukulli, kowace silinda ta ture yatsan da ƙarfi har da fito. Matacce ba ya ture yatsa. Na zauna a kan tabarma na kalli bugin nan huɗu, ina jin daɗi irin na wanda ya sami shaidu.

Sai dai sanin cewa Bakano ya yi ƙarya bai gyara mota ba, ga shi saura kwana biyu. Fararen bugi cewa suke iska ta fi mai yawa a abincin inji. Da safiyar Laraba na lura in na ja cok, wannan igiyar da ke rage wa inji iska lokacin sanyi, sai rawar ta lafa. Na cire matatar iska, na rufe rabin bakin karburato da tafin hannu, inji ya daidaita kamar an yi masa addu'a. Na ɗauke hannu, ya koma. Wato na rufe ƙofar gaba ya ji daɗi, saboda akwai wata iska da ke shigowa ta katanga.

Yadda muke neman irin wannan ɓarauniyar iska, tiyo ake sa wa a kunne a riƙa yawo da ɗaya bakin a jikin inji har a ji tsaki. Na sa a kunnen hagu, ban ji komai ba. Na mayar na dama, na ji wani abu can nesa, ban iya cewa ga inda yake ba. Wannan na rubuta shi ne don masu karatu, ba don a kai wa Bakano ba.

Na shiga gida na ce wa mai ɗakina ta ba ni turaren tsinke. Ta tambayi wa zan yi wa. Na ce mota. Ta ce ashe ciwon bayan ya hau kai. Da ta gane wuta zan kai kusa da isansi, ta ce in ba zan ji magana ba to ba za ta bari in ƙone gidan mutane ba, ta ciko bokiti da yashi ta tsaya a kaina. Ban ce kowa ya gwada wannan ba. Ni ma da a ce ɗana ne ya yi, da na mare shi. Na riƙa bi da tsinken a hankali, hayaƙi na tashi sama, fanka na kore shi. Da na kai can baya, ƙarƙashin bututun da ke raba abinci ga silinda huɗu, sai hayaƙin ya sunkuya, ya yi ƙasa, ya ɓace. Na miƙa mata turaren, na zura hannu. Yatsana ya faɗa kan wani ɗan bakin ƙarfe a buɗe, yana tsotso kamar jariri. Na danne shi. Inji ya daina rawa, ya koma numfashi ɗaya bayan ɗaya.

A nan na tuna. Fiye da shekara ashirin da suka wuce, a cikin Wadi Bawanis, wani tarkace da masu ƙera motar suka liƙa a wurin ya fashe mini da kaya a baya. Abin ba shi da amfani a ƙasar zafi, na cire shi na yar. Ramin da ya bari na toshe yadda wani tsohon direba Batube ya koya mana a sahara: guntun tiyo, a cusa masa ƙwallon dabino, don ƙwallo ba ya ruɓewa, zafi ba ya narka shi, kuma ba a rasa shi a aljihu. Na naɗe tiyon da guntun fata don kada zafin inji ya fasa shi, na ɗinke da zare, na ɗaure da waya. Tun ran nan ban sake tunawa da shi ba, don bai taɓa ba ni dalili ba.

Abin da na ɗaure da waya ba ya faɗuwa da kansa. Na kwanta na leƙa, ga wayar nan tana lilo, an datse ta da filaya, yanka mai kyau. Kusa da ita ga matatar baƙin mai sabuwa ful, wadda ni ban sa ba. Na fito na kalli mai ɗakina. Ta ajiye bokitin, ta ce to, ina kwance ne babban ɗana ya kai motar wajen Bakano a yi mata juyen baƙin mai, don ya faranta mini, ya ce kada a gaya mini. Ta ce tunda an gano, in toshe abin yanzu, a kira yaran su gani, magana ta ƙare.

Na ce mata wanda aka zuba wa ƙasa a kasuwa, ba a kakkaɓe masa riga a ɗaka. Na mayar da matatar iska, na bar ramin a buɗe yadda na same shi.

Bayan azahar na tafi warsha da ƙafa, na ɗauki sanda ma, wadda ba na bukata. Na zauna a kan tsohuwar taya, na yi ajiyar zuciya, na ce masa na haƙura, amma zuciyata na ba ni akwai hannun maƙiya a cikin lamarin nan, don mota ba ta mutuwa a wata guda haka kawai. Na san mutumina. Ba abin da yake so kamar ya kama tsoho da camfi ya yi masa wa'azi. Ya ajiye sifana, ya ce ai matsalarmu ke nan mu mutanen da, ya ce shi da hannunsa ya cire mini laya daga cikin inji ranar da ya yi juye, ɗinkakkiya da fata, an ɓoye ta inda ido ba ya kaiwa, ya jefa ta a wuta bai ko buɗe ba, kuma bai nemi godiya ba, don Allah ya yi. Na ce Allah ya saka. Na roƙe shi ya zo gobe ya tsaya mini a gaban mai rabish, tunda shi ne masani, kada a cuce ni. Ya ce ba komai, ai ni ubansa ne.

Daga nan na bi majalisar direbobi na ce gobe akwai shayin bankwana a ƙofar gidana.

Alhamis bayan la'asar tabarma biyu ta cika. Ga direbobi, ga maƙwabcina Balarabe yana ta ɗaga buta yana yi wa shayi kumfa, ga 'ya'yana a gefe suna kallon ƙasa, ga mai rabish da igiyarsa ta ja. Bakano ya zo da wankakkiyar riga. Na tayar da mota, na buɗe murfin inji, na bar ta tana rawa, ina ɗan taɓa totur da hannu don kada ta mutu kafin a gama shari'a. Na ce Usta ya maimaita wa jama'a abin da ya gani. Ya maimaita, har ya ƙara da cewa kan injin ma ya lanƙwashe. Na ce ya ba su labarin layar kuma, ko wani zai amfana. Ya bayar, da ayoyinsa. Wasu suka girgiza kai suna kallona da tausayi.

Na miƙa masa farantin dabinon Zighan. Ya ɗauki ɗaya ya ci. Da zai tofar da ƙwallon na tara hannu.

"Ba ni nan, bawana."

Na zaro guntun tiyo daga aljihu, na cusa ƙwallon a ciki a gaban kowa, na danƙa masa. Na kama wuyan hannunsa na kai shi can baya ƙarƙashin bututu, har yatsunsa suka sami ɗan bakin ƙarfen. Na ce tura. Ya tura.

Ƙarar ta sauka, ta zauna, ta tsaya a wuri ɗaya. Na saki totur na koma gefe na naɗe hannu. Balarabe ya tashi da kofin shayi cike har baki, ya ɗora a kan matatar iska, duk muka tsaya muna kallon kumfar, ko motsi ba ta yi ba. Bakano bai zare hannunsa ba tukuna, yana sunkuye, ina ganin ƙeyarsa tana zufa.

"Usta," na ce, "ga layar ta koma. Wannan karon da yawunka a jikinta, in akwai zunubi mu raba."

Sannan na yi wa jama'a bayani dalla-dalla, tun daga fararen bugi har zuwa wayar da aka datse, ban yi sauri ba, don darasi ne, kuma na lura ɗalibin da ya fi bukata yana neman hanyar gudu. Wani direba Ba'adare ya tambaye shi ko na'urar tasa tana gane dabino, ko sai an saya mata wata jelar. Wani ya ce wa mai rabish kada ya koma hannu banza, ga na'ura nan. Mai rabish ya shanye shayinsa, ya naɗe igiyarsa, ya ce in motar ta sake mutuwa a kira shi, amma a fara kiran tsohon. Babban ɗana ya shiga gida ya fito da takardun motar, ya durƙusa ya ajiye su a gabana, ya ce Baba a yi haƙuri. Shi kam na yafe masa, ɗa ne, kuma alheri ya nufa. Asabar da sassafe ina kan hanyar Zighan.

Mai ɗakina ta ce to ai ka rama, ya isa. Ban ga ya isa ba. Hanyar kasuwa ba ta bi ta warsha, amma na mayar da ita ta bi. Duk dawowa sai in tsaya daidai bakin rumfarsa, in bar inji yana aiki, in fito in gaishe shi gaisuwa cikakkiya: gajiya, iyali, yara ɗaya-ɗaya, mutanen Kano, zafi, kasuwa, labarin gida. Motar na bayana tana numfashi a hankali, masu jiran gyara suna saurare. Direbobi kuma suka ɗauki al'adar kai masa dabino in sun kawo mota, su ce ga kayan aiki. Ban sa su ba. Ban kuma hana su ba.

Ana saura kwana uku azumi ya zo gida da kansa, ya cire takalmi tun daga nesa. Ya ce watan gafara ya zo, shi ya yi kuskure, yana neman a yafe. Ya fito da wata 'yar hular roba baƙa a cikin leda, ya ce ita ce ainihin abin da ake toshe irin wannan ramin da shi, ya sa an nemo masa daga Tarabulus, in na yarda zai sa mini da hannunsa. Na karɓa da hannu biyu, na juya ta, na yaba ƙirarta. Na ce masa na lahira na yafe, kada ya kwana da shi a rai. Na duniya kuwa muna nan tare.

Hular ta yi wa bakin butar shayina daidai kamar don shi aka yi ta, ƙuda ba ya shiga. Duk baƙon da ya tambayi mece ce wannan, ina da lokaci, nakan ba shi labari tun daga farko. In kuma Bakano ne ya zo, don yana zuwa, shi nake miƙa wa butar in ce Usta, cire mana, kai ne masani.